Kuɗin adashina a hannu: in sayi babbar kwamfutar hannu ko in haƙura da ita?

Assalamu alaikum, Anti. Ni malamar sakandare ce a Zariya, ina koyar da Bayoloji, kuma ina karatun digiri na biyu. Wata huɗu ke nan laftof ɗina ya daina tashi, sai na koma yin komai a waya: tsara darasi, karanta takardun bincike, duba gyaran da malamin da ke kula da kundina ya turo. Idanuna sun fara yaji, da dare kaina ya yi ta sara. Ƙarshen watan nan ni zan kwashi adashi, kuma raina ya kwanta da babbar kwamfutar hannu, irin tab ɗin nan mai faɗin fuska da alƙalami da na gani wajen abokiyar aikina. Ta ce tun da ta saye ta ba ta ƙara buɗe laftof ba. Maigidana kuma ya ce talabijin ce kawai ta hannu, yaranmu uku ne za su gaje ta. Gaskiya ni ma ina son in riƙa ɗan kallo a kanta idan na gama hidimar gida, in kuma yi tilawa da manyan baƙi, amma ina jin nauyin faɗa masa haka. Kuɗin ba zai isa in saye ta in kuma sayi sabon laftof ba. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa wa karatun albarka, ya ba idon lafiya.

Ki saye ta, amma ba wadda ta fi kowace girma da tsada ba, kuma kada ki zuba mata kuɗin adashin gaba ɗaya. Ki rage wani abu ki tayar da laftof ɗin nan da ki ka ajiye, domin akwai wata gaɓa a karatunki da tab ba za ta tsallakar da ke ba. Na fi shekara biyu ina aiki da irinta kullum, yawancin amsoshin da nake rubutawa a wannan fili a kanta nake yi, don haka abin da zan gaya miki daga hannu ne.

Bari in fara da inda ta yi zarra, wato karatu. Takardun binciken da ake turo miki a PDF an tsara su ne a kan girman takardar A4, wadda daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɗan haura inci 14. Fuskar wayarki kuwa ba ta wuce inci 6 da ɗoriya ba. Shi ya sa kike ta buɗa rubutu da yatsu biyu, ki ja dama, ki ja hagu, kafin ki kai ƙarshen layi kin manta farkonsa, idon kuma yana ta ƙoƙarin bin abin da ke motsi. A fuska mai inci 12 ko 13, shafin yana fitowa ɗungurungum kusan yadda yake a takarda, da jadawalinsa da hotunansa. Ga alƙalamin: ki ja layi a ƙarƙashin jimla, ki yi sharhi a gefe da rubutun hannunki, ki koma ki same shi bayan wata uku. Ke da kike koyar da Bayoloji za ki fi ni cin moriyarsa, domin zanen zuciya ko ƙoda ko ƙwayar halitta sau ɗaya za ki yi shi da kyau, ki sa masa launi, ki yi shekaru kina amfani da shi. Kuma ana raba fuskar gida biyu, littafi a hagu, tsarin darasinki a dama. A waya ma ana yin hakan, amma wahala ce kawai. A nan ne faɗin ya biya kuɗinsa.

Na biyu shi ne wuta. Tab mai lafiyayyen batir tana kai mutum tun safe har yamma idan karatu da rubutu ne, kuma fawa-bankin da kike cajin waya da shi, ko ƙaramar sola, zai iya ba ta abin da za ta ƙarasa dare. Tsohon laftof kuwa da an ɗauke wuta sai ki fara kallon agogo. A garuruwanmu wannan ba ƙaramin dalili ba ne. Sai dai ki kula da zafi. Kamfanin Apple da kansa ya ce a yi amfani da iPad a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu ana haura 40. Kada ki bar ta a mota, kada ki yi mata caji a kan katifa ko ƙarƙashin matashi, domin zafi ne ke cinye batir tun kafin lokacinsa.

To, yanzu ga maganar abokiyar aikinki. Ban ƙaryata ta ba, na yarda ba ta ƙara buɗe laftof ba. Amma tambaye ta ko tana rubuta kundin digiri. Kayan aiki da mafi wuyar aikinki ake auna shi, kuma naki mafi wuya yana nan tafe: babin nazarin alƙaluma, da ranar haɗa kundin gaba ɗaya. Idan sashenku da SPSS yake aiki, kamar sassa da yawa a jami'o'inmu, to ki sani manhajar nan a Windows da Mac take tafiya, ba ta hawa iPad, ba ta hawa tab mai Android. Manhajar Zotero da ɗalibai ke jera madogara da ita tana da ɓangaren da ke manne wa Word ya riƙa saka sunayen marubuta da shekaru a cikin rubutu, shi ma a kwamfuta yake aiki. Word da Excel na tab ƙannen na kwamfuta ne. Za ki yi rubutu, ki ga gyaran malaminki, ki amsa sharhinsa, ki yi lissafin maki, duk lafiya lau. Amma idan takardar sakamakon makarantarku irin wadda aka ɗaura wa umarnin lissafi na musamman ce, wadda ake danna maɓalli ɗaya ta fitar da matsayin kowane ɗalibi, wannan umarnin ba ya tashi a Excel na tab.

Akwai kuma wata ƙa'ida da masu sayarwa ba su cika ambata ba. Microsoft ta bar yin gyara a Word da Excel kyauta ne ga na'urorin da fuskarsu ba ta wuce inci 10.1 ba. Da ta haura haka, buɗe takarda ki karanta kyauta ne, amma rubutu da gyara sai da rajistar Microsoft 365 da ake biya wata-wata ko shekara-shekara. Wato faɗin fuskar da kike so shi ne ke jawo kuɗin. Mafita tana nan: Google Docs da Google Sheets kyauta ne, kuma ana iya saita su su yi aiki ba tare da intanet ba, ga kuma WPS Office. Sai dai takardar da ta yi yawo daga wannan manhaja zuwa waccan takan sauya kama. Ni kaina na taɓa gama wani dogon rahoto a tab, na tura wani shagon buga takardu, aka buga shafi sama da talatin kafin in lura jadawalai sun tsallaka shafi, lambobin shafuka sun rikice. Na biya kuɗin bugu sau biyu. Tun daga ranar duk abin da zai je firinta sai na mayar da shi PDF, na duba shi shafi-shafi. Ga wasiƙa ko tsarin darasi wannan ya wadatar. Ga kundin da makarantar gaba da digiri za ta auna gefensa da tazarar layinsa, ki gama shi a laftof.

Shi ya sa nake so tun kafin kuɗin ya shigo hannunki ki ɗauki laftof ɗin ki kai wa mai gyara da aka yi wa shaida. Sau da yawa abin da ake kira mutuwa caja ce ta ƙone, ko batir, ko ma'ajiyar ciki ta gaji. Idan ma'ajiyar ce, a sa masa irin ta zamani da ake kira SSD, za ki sha mamakin yadda tsohon zai miƙe. Kafin a taɓa komai, ki roƙi a fara kwafo miki takardunki. Ko da zai zama sai yana jone da wuta yake aiki, ya isa, domin ba kullum za ki neme shi ba, na ranar babban aiki ne. Idan mai gyara ya ce ba ya tashi, to lissafin ya sauya: ki sayi laftof na hannu mai lafiya tukuna, abin da ya rage ki nemi tab daidai da shi, ko ki jira zagayowar adashi na gaba. Digirin shi ne gaba.

Sai batun girma. Samsung na da Galaxy Tab Ultra mai inci 14.6, wadda ta fara fitowa a 2022, Apple kuma na da iPad mai inci 13. Kyau kam ba a magana. Amma Ultra ɗin nauyinta wajen giram 700 ne, idan aka ɗaura mata murfi mai madannai sai ta zarce kilo ɗaya, ta zama laftof a nauyi ba tare da ta zama laftof a aiki ba. Irinta ta tebur ce. Ba za ki riƙe ta da hannu ɗaya kina zagaya aji ba, ba za ki kishingiɗa da ita minti ashirin ba tare da wuyan hannu ya gaji ba, kuma ba kowace jakar hannu take shiga ba. Masu inci 11 nauyinsu wajen rabin kilo ne, sun fi daɗin ɗauka, amma shafin PDF yakan ɗan matse. A ganina wurin da ya dace da ke yana tsakiya, inci 12 zuwa 12 da rabi, kuma a nan ne ake samun masu matsakaicin farashi.

Idan kin je ciniki, kada ki tsaya a kuɗin tab ɗin kaɗai. Alƙalamin Apple dabam ake sayensa, su kuwa Galaxy Tab S suna zuwa da nasu a kwali. Madannai dabam ne, kuma ba sai kin sayi na kamfanin ba, ƙaramin kibod mai Bluetooth ya isa. Murfi mai kauri da gilashin kariya wajibi ne a gidan da ke da yara uku, domin canjin babbar fuska kan ci wani kaso mai tsoka na kuɗin na'urar. Ki tambaya ko akwai kan caja a kwalin, yanzu da yawa waya kawai suke sakawa. Idan kina tunanin jona ta da majigi ko talabijin a makaranta, a gwada miki a gabanki, ba kowace tab ce ke fitar da hoto ta ramin caji ba. Ramin katin ajiya kuma Samsung na da shi, iPad ba ta da shi, don haka idan iPad ce kada ki sayi mai ƙaramin ciki. Game da layi, mai sim ta fi tsada amma ta fi sauƙin sha'ani. Marar sim sai kin riƙa ba ta intanet daga wayarki, batirin wayar ya yi ta zuba. iPad Pro da iPad Air da suka fito daga 2024 ba su da ramin sim ma, sai eSIM, wato layin da kamfanin sadarwa ke ɗora wa na'ura ba tare da kati ba, don haka ki tabbata layinki yana bayar da shi.

In ta hannu za ki saya, ko a Zariya ko kin shiga Kano kasuwar Farm Centre, abu ɗaya kada ki yi wasa da shi: a goge ta gaba ɗaya a gabanki, a kunna ta, ki shigar da asusunki da hannunki. iPad ɗin da ke ɗaure da asusun tsohon mai ita ba ta buɗuwa sai da lambar sirrinsa, haka ma Android da asusun Google. Idan mai kaya ya ce ki tafi da ita daga baya za a cire, ki ajiye masa abarsa. Ki kuma buɗe farin shafi ki duba tabo, ki zana layi da alƙalami daga wannan kusurwa zuwa waccan ki ga ko yana yankewa.

Amma kafin duk wannan, akwai gwajin da ba zai ci miki ko kwabo ba. Ki roƙi abokiyar aikinki ku zauna awa biyu bayan an tashi daga makaranta, ki zo da ainihin aikinki: babin da malaminki ya yi wa gyara, takardar makin ajinki, shafin intanet ɗin da kuke shigar da sakamako ko biyan kuɗin makaranta. Ki yi su a kan tata. Ki rubuta sakin layi guda da Hausa ma ki gani, domin manhajar madannai ta Gboard tana da ƙ da ɗ da ɓ a kan fuska, amma a kibod na waje sai an nemo musu dabara. Gani ya kori ji.

Yanzu mu zo kan abin da na fi jin nauyinsa a wasiƙarki, wato inda ki ka ce kina jin nauyin faɗa wa maigida kina son kallo. Ƙanwata, mace ta tsaya gaban allo tun safe, ta dawo ta ɗora tukunya, ta duba aikin gidan yara, ta zauna kan takardun digiri har dare, sannan ta ji kunyar cewa tana son hutun awa ɗaya? Hutun nan haƙƙinki ne, kuma kuɗin guminki ne. Ki faɗa masa gaskiya gaba ɗayanta, cikin ladabi kamar yadda ki ka saba: aiki ne babban dalili, tilawa na ciki, kallo ma na ciki. Idan ki ka ɓoye na ƙarshen, ranar da ya shigo ya tarar da ke kina kallo zai ji kamar an yi masa dabara, ƙaramar magana ta zama babba.

Kuma ki ba shi gaskiyarsa, domin yana da ita. Abin da ya hango yana faruwa a gidaje da yawa: a sayi tab da sunan aiki, bayan wata biyu ta koma hannun yara, fuska duk maiƙo, ciki cike da wasanni. Abin da ya sa ta yi daɗin karatu shi ne ya sa ta yi daɗin kallo, kuma tsakanin babi na uku da YouTube taɓawa ɗaya ce. A laftof mutum yakan ji ya zauna aiki. A tab sai ke kin gina wannan katangar da kanki. Abin da ya yi mini amfani shi ne na ƙi sa mata Facebook da TikTok, na kashe duk wata sanarwa. WhatsApp yana hawa tab, har iPad ta samu nata a 2025, amma ina ba ki shawara ki bar shi a waya, in ba haka ba rukunin 'yan uwa da na malamai za su biyo ki har cikin kundinki. Na kuma ware wuri: idan tana kan tebur a jingine da kibod a gabanta, aiki ake yi, kallo kuwa sai an cire kibod an tashi daga teburin. Abu ne ƙarami, amma jiki yana saurin sabawa da shi.

Kallon ma da lissafinsa. Hoton da ya yi kyau a waya yakan yi dishi-dishi a babbar fuska, sai hannu ya kai ga ƙara ingancinsa, data kuma ta tafi. Netflix sun ce kallon awa ɗaya a matsakaicin inganci yana cin kusan gigabait 1, a babban inganci har zuwa 3. Tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kowa ya ji a jikinsa. Ki riƙa sauke abin da za ki kalla lokacin da kike da garaɓasar dare ko Wi-Fi, ki kulle ingancin a matsakaici.

Yara kuwa, hana su gaba ɗaya ba zai ɗore ba, sakar musu kuma ɓarna ce. A nan Android ta fi dacewa da gida irin naki, domin da yawansu suna ba da damar buɗe wa wani mai amfani ɗakinsa dabam, yara su shiga nasu ba tare da sun ga takardunki ba, kuma da manhajar Family Link ta Google za ki yanke musu lokaci da abin da za su buɗe. iPad ta gida mutum ɗaya ta sani, sai dai ki kulle manhajoji da lambar sirri. Ba ki faɗi shekarunsu ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2019 ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban fuska, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ku yanke dokar ke da babansu tare, ya zama daga bakinsa yaran za su ji ta. Wanda aka sa cikin shawara ba ya zama ɗan adawa. Duk da haka, kowane dare ki tabbata kundinki ya hau Google Drive ko ya shiga filashi.

Idon nan kuma kada ki ɗora wa tab maganinsa. Za ta rage wahala, amma yaji da ciwon kai na wata huɗu sun isa a je asibiti a auna, wataƙila tabarau kike buƙata. Kafin nan, duk minti 20 ki ɗaga kai ki kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20, ki riƙa ƙifta ido da gangan, kada ki yi karatu a ɗaki mai duhu fuska na haska ki, kuma ki jingine ta ta daidaita da idonki maimakon ki sunkuya mata a cinya.

Ranar da za ki je sayen, ki roƙi maigida ya raka ki. Ki buɗe masa Alƙur'ani a kanta ya ga baƙin, ki buɗe babin kundinki ya ga gyaran malaminki da jan rubutu, sannan ki bar masa cinikin.